Tabawa Kawara Ta Koma Shuɗiya

"Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa."

"Ta zo mu ji ta, Iya."

Wata kawara ce, kifin nan mai ƙyalli, sunanta Tabawa. Su kawara ba ko'ina suke zuba ƙwai ba. Sai ruwa ya kawo, su yi ta iyo sama har tsakuwar da aka ƙyanƙyashe su, can mazansu ke jira. To bana cikin Tabawa ya cika fam, 'yan'uwanta kuwa duk sun ƙare a tukunya. In ba ta kai ba, zuri'a ta yanke.

Sai ta kama hanya. Sai ga masunta sun baza gidan sauro a kogi, wai idon komarsu ya yi faɗi, jariran kifi na tserewa.

Ta ce, "Bayin Allah, ku kuma a me za ku kwana?"

Suka ce, "Mu da sauro mun saba."

Sai ta kutsa ta wata 'yar yaga, rabin ƙyallinta ya goge.

Sai ta iske madatsar ruwa, kwaɗo na bisa yana gadin da ba wanda ya sa shi.

"Malam, ina ƙofa?"

"Da za a gina ba a shawarci kifi ba. Yi tsalle."

Ta yi tsalle ta gwara kai, ta sake ta gwara. A na uku ta haye da ƙulu kamar goro.

Sai ta faɗa inda marina ke zubar da ruwan baba. Ta fito shuɗiya tana atishawa. Marini ya ce, "Wasu roƙonmu suke, ke kin samu a banza."

Da ƙyar ta isa tsakuwa. Namiji ɗaya tak ya rage, wani tsoho mai iyayi, Jatau. Ya dube ta sama da ƙasa.

"Baiwar Allah, kawara nake jira. Ke kuwa har ƙaho gare ki."

Ran Tabawa ya ɓaci. Ta ce, "Leƙa bayana, Malam. In ka hango wata, na koma."

Jatau ya leƙa. Kogi fayau, ko motsi babu. Sai tsoro ya kama shi. Can ya gyara murya.

"Ai ni dama shuɗi nake so. Zuba ƙwan nan, mu biyu muka rage."

Ƙurunƙus kan kusu, ya tsoma wutsiya a ruwa. In kun girma, ku bar wa kifi hanya, ku bar gidan sauro a kan gado.