Garkuwar Kwali a Ƙarƙashin Gadon Umaima

Akwai wani injiniya a garin Germantown na ƙasar Amurka mai suna Misbahu, wanda aiki ya mai da shi baƙo a gidansa. Yau yana Texas, jibi yana Ohio. Maƙwabciyarsu Kaneng, Kirista 'yar Filato, ita ke ɗauko 'yarsa Umaima daga makaranta tare da ɗanta Dachung.

Wata rana ya dawo daga tafiya, sai ya hango garkuwar kwali a ƙarƙashin gadon yarinyar, an zana mata jan gicciye.

Ya kira matarsa. "Sailuba, mene ne wannan?"

Ta ce, "Na wasan kwaikwayon makaranta ne. Kaneng ce ta taya su yankawa."

"Kaneng! Dama na san ruwa ba ya tsami banza."

Shi ke nan, gogan naku ya yanke hukunci cewa ana sauya wa 'yarsa addini a ɓoye. Ya hana ta shiga motar Kaneng. Ya koma binciken jakar yarinyar, ko gaisuwar Kaneng da ƙyar yake amsawa.

Ranar wasan ya fasa tafiya bai gaya wa kowa ba. Ya laɓe a bayan zauren da waya a hannu, yana jiran hujja.

Ashe labarin wani mayaƙin Ingila ne na zamanin da, wanda ya tafi yaƙin Ƙudus ya bar iyalinsa shekara da shekaru. Dachung ne mayaƙin, Umaima ce 'yarsa. Mayaƙin ya dawo da garkuwarsa mai jan gicciye da tulin tsaraba, ya buɗe hannu zai rungume ta. Ta ja da baya, ta ce da Turanci, "Bawan Allah, babana ba ya nan. Sai dai ka jira mamata."

Malamar ajin ta sanar cewa Umaima ce ta rubuta wasan da kanta.

Kunya ta rufe Misbahu. Da aka tashi ya nufi 'yarsa. Tana ganinsa a makaranta da tsakar rana, abin da ba ta saba gani ba, sai ta ƙanƙame hannun Kaneng, idonta ya ciko da ƙwalla.

"Baba," in ji ta da Hausarta mai gargada, "wa ya rasu?"

Darasi: Kafin ka zargi maƙwabci da raba ka da ɗanka, duba ko kai ne ka fara nisa da shi. Tsaraba ba ta maye gurbin uba. Ku tura wa iyaye, ko wani zai koma gida da wuri yau.