Wa Ya Zana Ganyen Tumatirin Baba Direba?

Akwai wani dattijo da kowa ke kira Baba Direba. Ya daɗe yana jan babbar mota, da gwiwa ta gaza sai ya ajiye makulli, ya kafa ɗan lambu a bayan tsakar gidansa. Tumatir ne da wake da alayyahu. Ku yi haƙuri da ni yau, don labarin nan duk sanda na tuna shi sai raina ya ɓaci.

Mutumin nan kafin ya gaida matarsa da safe ya gaida tumatir. Kuma irin mutanen nan ne da in suka ce abu baƙi ne, ko auduga ka kawo musu baƙa ce.

A ɗakin ƙofar gida akwai 'yar haya, wata mai ɗinki da mijinta ya rasu. Daga ita sai autarta, yarinyar da ba ta daɗe da shiga makaranta ba. Ɗakin nan shi ne makwancinsu, shi ne kuma shagonta, don tagarsa na kallon titi, masu kawo ɗinki sun saba da shi. Auta kuwa akwai son zane. Gawayi, allin uwarta, tsinke a ƙasa, duk abin da hannunta ya samu sai ta zana da shi.

Wata safiya Baba ya tarar da wasu fararen layuka a ganyen tumatir da na wake, sun yi lanƙwashe-lanƙwashe kamar an ja su da allura. Bai ko duƙa ya duba ba. Gida akwai allura, akwai kuma yarinya mai zane, to shi a wurinsa shari'a ta ƙare.

Ya jawo Auta ta kunne har gaban shukar. Ta ce ba ita ba ce. Ya ce ga ɓarna ga ƙarya, ya ƙara mata da rankwashi. Uwar ta baro keken ɗinki da gudu ta durƙusa.

"Baba, ka yi haƙuri. Alluraina a gwangwani suke, can saman taga, hannunta ba ya kaiwa."

"Ke ma bakinku ɗaya. Kowa ya ga zanen nan ya san hannun yaro ne."

Matarsa ta ce a dai bincika tukuna. Ya ce ta yi masa shiru, shi da ya zagaye duniya da mota ba za a koya masa gane ɓarnar yara ba.

Sai ya shiga wani aiki na rashin imani. Duk ganyen da ya ga zane a kai sai ya tsinke, ya jefa a wani tsohon daro da ya ajiye a gindin shukar, ya hana kowa zubarwa. Wai shaida ce. Mai kawo ruwa ya shigo, a nuna masa daro. Maƙwabci ya zo gaisuwa, a nuna masa daro. Har matan da ke kawo ɗinki sai ya tare su a ƙofa ya ce su zo su ga tarbiyyar mai yi musu ɗinki. Babba da shi, da furfurarsa, ya mai da ƙaramar yarinya abin nuni a unguwa.

Ya kewaye lambun da waya, ya yi masa ƙofa, ya ɗaura kwaɗo. Zane bai daina ba. A nan ne mai hankali zai tsaya ya ce anya kuwa? Shi ko sai ya ce tsallakawa take yi in ya tafi kasuwa. Yarinyar da ko tsayin kwaɗon ba ta kai ba.

Ƙarshenta ya ce su bar masa gida. Mai ɗinki ta roƙe shi, ta turo dattawa, matarsa ta sa baki har da kuka. Ya ce ko su ko lambunsa. Haka aka ɗora keken ɗinki da katifa a amalanke, Auta na bin baya da ƙullin kayanta.

To, an kori ɓarawo, sai sata ta ƙaru.

Layukan nan suka bazu har alayyahu. Ganye ya dinga bushewa yana zuba, 'ya'yan tumatir suka rasa inuwa rana ta ƙone su. Ya sayo maganin feshi ya tula, ya sake tulawa, a banza. Matarsa kuwa kallonsa kawai take yi, kuma kallon nan ya fi zagi ciwo.

Da abin ya ishe shi ya tsinki ganye ya tafi shagon kayan noma. Mai shagon ya ɗaga ganyen ya saita shi da hasken rana, ya ce Baba ya matso. Layin ya fara siriri kamar zare, yana tafiya yana faɗi, a ƙarshensa kuwa ga wata 'yar tsutsa ruwan ɗorawa, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, tana motsi a cikin ganyen.

Ya yi masa bayani cewa wani ɗan mitsitsin ƙuda ne ke huda ganye ya sa ƙwai. Tsutsar in ta ƙyanƙyashe sai ta dinga cin ganyen ta ciki, tsakanin fatar sama da ta ƙasa, hanyar da ta bi ce ke fitowa fara. Shi ya sa feshin da ya yi bai same ta ba, tana cikin ɗaki a rufe. Ƙananan ƙwarin da ke farautarta ne ma ya kashe. In ta ƙoshi sai ta fito ta faɗa ƙasa, ta rikiɗa ƙuda, ta dawo ta sa nata ƙwan. Ya ce tsinke ganyen da suka kamu shi ne magani na farko, sannan ya tambaye shi ina yake zubar da su.

"Tara su nake yi a daro. A cikin lambun."

"Ai Baba, kiwonsu kake yi."

Baba Direba ya nemi benci ya zauna. Shaidar da ya yi ta yawo da ita yana tozarta marainiya, ita ce gidan renon ɓarawon.

Ya koma ya ƙone abin da ke daron ƙurmus. Ya dinga bin shuka kowace safiya, ganyen da zane ya fara ya murtsuke tsutsar da yatsa, wanda ya yi yawa ya tsinke ya ƙulle a leda. Ya kafa allo mai launin rawaya da danƙo a jiki don kama ƙudan, ya nome ciyawar gefe, ya rufe ƙananan dashe da raga, ya riƙa fesa ruwan 'ya'yan dogon yaro. Sabon toho ya fito tas. Ita shuka ba ta da riƙo.

Ya sha tambaya kafin ya gano inda mai ɗinki ta koma. A gefen kasuwa ya same ta, ta raɓe da kekenta a bakin rumfar wani, rana na dukan rabin jikinta. Auta na zaune a ƙasa ta haɗa hannuwa a cinya.

Ya cire hula, ya faɗi komai bai ɓoye ba. Ya ce ɗakin yana nan a rufe, su dawo ko yau. Mai ɗinki ta tsai da keke, ta ƙura masa ido. Sai ya duƙa gaban yarinyar.

"Jikata, ki yafe mini. Ba ke ba ce."

Auta ta saci kallon uwarta, ta sunkuyar da kai.

"Ni ce, Baba. Ba zan ƙara ba."

Uwar ta dafe kai ta fashe da kuka. Ashe da suka rasa ɗaki, masu kawo ɗinki suka watse, wahala ta yi wahala, ita ma sai ta yarda da maganarsa. Ta ce dattijo kamar wannan ba zai yi wa yarinya ƙage ba. Ta yi ta dukan Auta sai da ta amsa laifin, kuma kullum ciki ya kwana da yunwa sai ta tuna mata ita ta jawo musu.

"Ɗakinka ka riƙe abinka," in ji ta. "Ka sa na daki 'yata da hannuna a kan tsutsa. Yanzu ka faɗa mini, da wane baki zan ce mata ta daina cewa ita ce?"

Baba Direba ya tsaya a rana da hula a hannu, yarinyar kuwa ko ɗago kai ba ta yi ba.

Darasi: Kafin ka ɗaga hannu ko murya a kan wanda ka fi ƙarfi, duƙa ka duba da idonka. Zato ba shaida ba ne, kuma ƙagen babba yana iya sa uwa ta juya wa ɗanta baya, ya sa mai gaskiya ya yarda shi ne mai laifi. Ku tura wa duk mai saurin yanke hukunci, ku tura wa masu lambu ma, kada tsutsar ganye ta sake ja wa wani yaro duka.