Tayoyi Goma a Kan Rufin Mai Tarwada

Masu haɗa taya sun san sinadarin da suke zubawa don kar rana ta tsattsaga ta. Masu sa hannu a shigo da ita kuwa, ko tambaya ba sa yi. Sun san kansu.

Akwai wani mai kiwon kifi, Mai Tarwada ake ce masa, mutumin da ba a gaya masa magana. Kwami biyu gare shi a bayan gida. Ɗaya ruwan rijiya yake sha, ɗayan kuma ya jona masa bututu daga indararon rufi, dabarar da yake ta cika baki da ita.

Ruwan farko na sauka, ƙananan kifayensa na kwamin indararo suka taso ciki sama. Aka sake ruwa, rabin sauran suka bi su.

"Maƙwabcin nan mai facin taya ne ya zuba min guba!" in ji shi. "Tun da na hana shi jan wuta yake hararata."

Matarsa ta ce, "Baban yara, to na kwamin rijiya fa? Ko mai gubar tausayinsu yake ji?"

"Ke tukunya kika sani!"

Ta bi bututun da ido har sama. Tayoyi goma ne danne da kwanon rufin don kar iska ta yaye shi, rana ta gasa su shekara da shekaru, baƙin ruwa kwance a cikinsu.

Ta hau tsani ta ɗebo ruwan a bokiti, ta cika wani da na rijiya, ta saka kifi biyar-biyar. Kafin la'asar na ruwan taya sun daina motsi, na rijiya suna ta wasansu.

Ga hadari ya sake haɗowa. Mai Tarwada ya fita da gudu ba takalmi.

"Maƙwabci, ka yafe ni, zo ka kama min!"

"Au, an kama mai gubar?"

"Tayoyin da ka ba ni ne."

"Na ba ka? Ina sallah ka kwashe su!"

Suka sauke su, suka toshe bututun, aka buga wa kwanon ƙusa. Sauran kifin suka tsira.

Mai faci na kakkaɓe hannu ya ce, "To tayar da ke cinyewa a titi kullum, garinta ina yake zuwa?"

Suka kalli kwata. Kowa ya san a kogi take ƙarewa.

Darasi: Kafin ka zargi mutum, ka duba kan rufinka, kuma kar ka raina mai tambaya. Ya kamata hukuma ta sa doka a kan abin da ake zubawa a taya, don kogi ba shi da bututun da za a toshe. Ku tura wa wasu. Mai musu kuma ya ɗebo ruwan cikin taya ya zuba wa kifinsa, ya dawo ya ƙaryata ni.