Naɗi Uku a Bakin Jakar Badamasi

Kalilu mutumin Gumel ne, yana karatun digiri na uku a fannin gandun daji a wata jami'a da ke Kuala Lumpur. Ni da shi muka yi zaman gida ɗaya a unguwar Danau Kota har shekara uku, saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba. Mutum ne mai ƙoƙari, mai kyauta, idan ya dafa shinkafa da wake sai ya ƙwanƙwasa wa maƙwabta ƙofa. Aibinsa guda ɗaya ne. Ba ya iya jin an yabi wani a gabansa. Da zarar an ce wane ya yi ƙoƙari, za ka ga fuskarsa ta canja, abincin ma ya daina wuce masa.

A shekararmu ta biyu wani yaro mai suna Badamasi ya zo daga Azare, aka haɗa shi da Kalilu a ƙarƙashin farfesa ɗaya, wata dattijuwa 'yar Malesiya. Kalilu ne ya tarbe shi a filin jirgi. Shi ya koya masa hawa jirgin ƙasa na cikin gari, shi ya nuna masa shagon mamak, wato na Indiyawa Musulmi, da ake samun shayi mai kauri. Badamasi kuwa bai taɓa kiran sunansa kai tsaye ba, kullum Yaya Kalilu. Lafiya lau suke har ranar da farfesa ta ɗaga littafin Badamasi a gaban ɗalibai ta ce kowa ya koyi tsari daga wurinsa. Kalilu ya dawo gida ya jefar da jakarsa a kan kujera.

"Ka ji fa, Yahuza," ya ce da ni. "Yaron da ni na koya masa faɗin boleh, 'to' ɗin mutanen ƙasar nan. Yau shi ne abin kwatance."

Na ce masa ai abin farin ciki ne, ɗan gida ne aka yaba. Ya harare ni kamar na zage shi.

Aikinsu shi ne auna kaurin bishiyoyi a wani tsauni da ke bayan unguwar Cheras, duk ranar Asabar, a rubuta a littafi. Kalilu ya yi wata takwas yana wannan awo, kuma duk abin da ya tara yana cikin littafi guda mai baƙin bango. A kan waɗannan alƙaluma zai rubuta kundinsa, ga shi tallafin karatunsa zai ƙare a watan Agusta. Farfesa ta ce kowa ya riƙa zuba nasa a kwamfutar sashe, inda duk ɗalibanta ke gani. Kalilu ya ƙi. Ya ce ba zai sha wahalar hawan dutse wani ya kwashi lambobinsa ya samu yabo ba. Ko hoton shafukan bai ɗauka a waya ba, wai sai ya gama ya zuba gaba ɗaya ya ba kowa mamaki.

Badamasi da fensir yake rubutu. Yana kuma da wata jakar roba mai ruwan lemo wadda ruwa ba ya shiga, irin ta masu hawan tsauni. Ba ta da zif. Sai ka zuba kaya, ka matse iskar, ka naɗe bakin sau uku, sannan ka haɗa maɓallin. Naɗin nan shi ne rufin, maɓallin riƙe shi kawai yake yi. Ya taɓa sayo irinta ya kawo wa Kalilu kyauta, Kalilu ya mayar masa a gabana.

"Ni da na riga ka zuwa ƙasar nan da shekara guda za ka koya wa ruwan Malesiya? Leda ta ishe ni lah, in ji mutanen nan. Kuma fensir ai na 'yan firamare ne."

Shi da alƙalami mai tawada yake rubutu, mai kyan gani, kuma yana alfahari da shi.

Wata Asabar a watan Afrilu suka roƙe ni in raka su in riƙe musu tef ɗin awo. Muka hau tsaunin tun da safe, rana tana dukanmu, gumi har cikin takalmi. Da azahar muka tsaya a bakin wani ƙaramin rafi. Kalilu ya sauka yin alwala. Badamasi ya ɗaga kai ya dubi sama ta tsakanin ganyaye, ya ce da ni ruwa na zuwa. Ni ban ga komai ba. Mu da muka saba hadari ya haɗu a gabas, iska ta taso, a kwashe shanya, ba mu iya karanta saman garin nan ba. Badamasi ya dubi jakar Kalilu, ga baƙin littafin nan a aljihun gefe cikin wata ledar kanti da ta huje. Ya zare shi, ya naɗe shi cikin rigarsa ta canji, ya tura ƙasan jakarsa mai ruwan lemo kusa da nasa littafin, ya naɗe bakin sau uku.

"Kada ka faɗa masa, Malam Yahuza," ya ce. "In na tambaye shi ba zai yarda ba. In mun sauka sai in ba shi."

Na yi dariya na ce ba ruwana.

Bayan mun idar da salla, Badamasi ya sauka rafi ya cika gorarsa. Ni kuma na juya baya ina fama da wani matsattsaku da ya maƙale mini a ƙauri. A wannan ɗan lokacin ne Kalilu ya aikata abin da ya aikata, kamar yadda shi da bakinsa ya gaya mini daga baya. Ya dubi jakar nan ɗaure a saman jakar goyon Badamasi, ya tuna ranar Litinin farfesa za ta sake duba littattafai, zuciyarsa ta ce masa bari yau ɗaya dai a ga littafin gwanin a jiƙe. Ya ɓalle maɓallin, ya warware naɗin duka uku, ya mayar da maɓallin yadda daga nesa za ka ɗauka a rufe take. Bai leƙa ciki ba. Ya ce a lokacin wani sanyi ya ji a ransa.

Ba mu yi minti goma da tashi ba ruwa ya kece. Wanda bai ga ruwan yammacin Kuala Lumpur ba ba zai gane ba, kamar ana juye maka baho a kai. Hanya ta zama laka, muna riƙe saiwoyi muna zamewa. Kalilu ya tura hannu aljihun gefe don ya mayar da littafinsa cikin riga, ya ji wayam. Ya tsaya cak yana lalube.

"Littafina. Yahuza, littafina ya faɗi."

Badamasi ya juyo yana share ruwa daga fuskarsa, yana murmushi.

"Kwantar da hankalinka, Yaya Kalilu. Yana cikin jakata, ni na saka. Ko ɗigo ba zai taɓa shi ba."

Na ga fuskar Kalilu a lokacin, ban kuma gane abin da na gani ba sai daga baya. Da ya yi magana a nan take, da an ceci rabin littafin. Amma in ya ce a duba bakin jakar, sai an tambaye shi yadda aka yi ya sani. Haka ya bi bayan Badamasi sama da awa guda, yana kallon bakin jakar a wangale yana karɓar ruwa kamar mazurari, kunya ta hana shi cewa uffan.

Da muka isa wata rumfa a gindin tsaunin, Badamasi ya sauke jakar ya ji ta yi nauyi. Ya karkata ta, ruwa ya zubo kamar daga tulu, domin robar da ke hana ruwa shiga ita ce ta hana shi fita. Ya zaro nasa littafin. Ya jiƙe sharkaf, amma rubutun fensir yana nan daram, shanyawa kawai yake bukata. Ya warware rigar ya zaro baƙin littafin. Tawada ta narke, shafuka sun manne, duk inda ka buɗe shuɗi ne kawai. Aikin wata takwas, babu lamba ɗaya da za ka iya karantawa.

Badamasi ya durƙusa a cikin lakar nan, idonsa ya cika da hawaye.

"Yaya, ka yafe mini. Wallahi na naɗe ta sau uku, ban san yadda aka yi ba. Da na bar maka shi a ledarka da ya fi. Ni na kashe maka aiki."

Kalilu ya karɓi littafin ya tura a jakarsa. Haka muka shiga mota, yaron nan yana ta ba shi haƙuri har Danau Kota.

Kwana uku Badamasi yana zuwa gidanmu da abinci a leda, yana zama a falo kansa a ƙasa. Har wurin farfesa ya je ya ce laifinsa ne. A rana ta huɗu, bayan la'asar, Kalilu ya kasa jurewa. Ya zauna a gabanmu ya faɗi gaskiya tun daga farko. Na ji haushinsa ƙwarai, har na tashi na bar falon. Daga ɗaki na ji Badamasi ya ce, "Ashe nawa ka so ya jiƙe." Ya ɗauki takalminsa ya fita.

Farfesa ta ce babu makawa sai an sake awon daga farko. Agusta ta zo, tallafi ya ƙare, Kalilu ya ƙara wata tara a ƙasar nan yana wanke kwanuka a wani gidan abinci don ya riƙe kansa, matarsa da 'ya'yansa biyu suna Gumel suna jira. Badamasi ya ce ya yafe, kuma na yarda ya yafe, domin in sun haɗu a masallaci yana miƙa masa hannu. Amma bai sake taka ƙafarsa gidanmu ba, kuma tun daga ranar Malam Kalilu yake ce masa. Kalilu ya gaya mini wannan ya fi littafin yi masa ciwo.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Hassada tana sa mutum ya ƙi alherin da aka miƙo masa, ya ɓoye aikinsa har ya rasa shi, ya kai hannu ga kayan ɗan'uwansa ba tare da ya san nasa ne a ciki ba. Idan wanda ya zo bayanka ya fi ka iya wani abu, ka zauna ya koya maka, ko da naɗe bakin jaka ne. In kuma ka riga ka yi kuskure, ka faɗa tun ana iya gyarawa, domin shirun da Kalilu ya yi a kan hanya ya ci masa fiye da abin da hannunsa ya ɓata.