Ranar da Maganar Aku Ta Ƙare

An yi wata Aku a bakin wani tafki, bakinta ba ya hutawa. Ta taɓa zama a keji a gidan wani malami, don haka babu addu'ar da ba ta haddace ba. Duk inda aka yi rashi ita ce kan gaba a zaman makoki, tana zuba har masu kukan su fara hamma.

Maƙwabcinta wani tsohon Zalɓe ne, mai wuni tsaye cikin ruwa a kan ƙafa ɗaya, ido a lumshe.

"Baba Zalɓe, wai barci kake ko ibada?" in ji Aku. "Addu'a nawa ka iya? Ni ban san iyakar nawa ba!"

"Kin fi ni, 'yata. Ni saurare nake yi."

"Sauraren wa? Kwaɗi?" Ta ƙyalƙyale da dariya.

Ana nan, sai shaho ya sure ɗanta ɗaya tilo. Tsuntsaye suka cika reshenta suna ba ta haƙuri da kalmomin da ita ta koya musu, amma ko ɗaya ba ta kai zuciyarta ba. Ta buɗe baki za ta yi addu'a, amma ko kalma ɗaya ta ƙi zuwa. Tsoro ya kama ta: tunda ta kasa kiran Allah, ko ya bar ta ke nan?

Da hantsi ta sauka bakin ruwa, murya a dashe.

"Baba, maganata ta ƙare. Da me zan kira Shi yanzu?"

"Zauna kusa da ni. Kada ki ce komai. Bi numfashinki kawai, shigarsa da fitarsa."

Da farko tunani ya yi mata caa. Ta tuna ɗan bakin ɗanta, ta sha kuka. Can kukan ya lafa, zuciyarta ta kwanta. Cikin shirun nan ta ji an lulluɓe ta, kamar yadda ita ke rufe ɗanta da fiffike idan ana ruwa. Zafin yana nan, amma ba ita kaɗai ke ɗauke da shi ba.

"Baba, na ji..." Ta lalubi kalma, ta rasa. "Ashe Allah yana kusa. Amma ban san yadda zan faɗa ba."

"Ni ma har na tsufa ban sani ba, 'yata," in ji Zalɓe a hankali. "Bar shi a ciki."

Darasin wannan labari shi ne, addu'ar baki aba ce mai kyau, amma kada mu yi taƙama da ita. Wanda ya halicci zuciya yana jin ta ko harshe ya gaza, kuma wanda ya natsu ya saurara zai ji kusancinsa.