Al'adun Aro a Bikin 'Yar Zabuwa

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku ce ta zo mu ji ta, ku daina kallona kamar na taka muku shanya. To, ta zo.

A wani gari ne Zakara ya ga 'yar Zabuwa yana so. Sunanta Ladingo. Shi ɗan cikin gari, ita kuwa iyayenta ba su daɗe da shigowa daga daji ba. Zakara ba gwanin zance ba ne, in ka ɗebe carar asuba. Abin da ya iya ɗaya ne. In ya tona ƙasa ya sami ƙwayar gero, ba ya ci. Sai ya ɗauka da baki ya ajiye, ya ɗauka ya ajiye, yana 'yar ƙut-ƙut, har Ladingo ta zo ta ci. Haka zakaru suka gada kaka da kakanni, mace ce ke fara ci. Da wannan ya sami yarinya, ba da turare ba, ba da daɗin baki ba.

Aka kai gaisuwa, aka ba da sadaki, aka sa rana. Da ranar ta zo, Malam Belbela ya zuba farar rigarsa ya tsaya a gindin tsamiya. Ga goro a faifai, ga shaidu. Abin da ya rage a ce an bayar, a ce an karɓa, a shafa fatiha.

Sai uwar amarya ta aiko a dakata.

Abin da ke cin Inna Zabuwa, maƙwabciyarta ce, Talotalo. Bara Talotalo ta aurar da 'yarta, ta ɗauko makaɗa daga wani gari, tun daga nan ba ta tafiya sai da kumbura wuya. Inna Zabuwa ta rantse sai bikin Ladingo ya shafe wancan, amma ba ta san ta inda za ta ɓullo ba.

Sai ga Hankaka. Kun san shi, baƙar riga da farar 'yar ciki, kullum kamar wanda aka gayyata. Ya zaga duniya, in ji shi. Kuma ya daɗe da ƙyalla ido a kan Ladingo, ita ko kallon inda yake ba ta yi.

Ya ce, "Hajiya uwar biki, wai yau a ɗaura, gobe kowa ya watse? 'Yar fari guda za ki bayar kamar gyaran albasa?"

Ta ce, "To ya zan yi, Alhaji Hankaka? Mu a dajinmu haka ake yi."

Ya ce, "Daji, da bakinki kika faɗa. Ni na ga yadda wayayyu suke biki a ƙasashe. Ki sakar mini wuƙa da nama, in Talotalo ba ta kwanta zazzaɓi ba, ki canza mini suna."

Ta ce, "Na sakar maka."

Sai ya fara da kanta. Ya naɗa mata gwaggwaro irin na matan wata ƙasa, ya fi ta tsawo, ya ɗaure shi tamau, ya ce ba a kwancewa sai an tashi biki. Ya sa aka buɗe rumbu, ya ce kowace al'ada da ranarta, kowace rana da tukunyarta.

Rana ta farko Hankaka ya hau turmi ya ce, "A ƙasar kunkuru, ba a ba ango mata sai an zane shi da tsumagiya a gaban jama'a, yana dariya."

Zakara ya je ya durƙusa daga nesa, kansa a ƙasa, kun san kunyar suruka. Ya ce, "Inna, a yi haƙuri, Malam yana jira."

Ta ce, "Ni ma na jira, a rana da ruwa, a kan ƙwan Ladingo. Ɗaurin aure ba ya gudu. In ba za ka iya ba, masu iyawa suna nan."

Sai Zakara ya shiga fili. Samari suka yi masa caa da tsumagiya, ana kiɗa, shi kuma yana yaƙe. Kafin a tsaya, jelar nan tasa mai sheƙi ta zube ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Wani tsohon Kunkuru da ya zo cin tuwo ya ce, "Al'adarmu ce, ba ƙarya. Amma mu ƙoƙon baya ake duka, ango yana ciki yana gyangyaɗi." Wa zai ji shi? Ganga ta fi shi murya. Hankaka ya bi fili yana tsince gashin jela, wai kada a bar wa maƙiya.

Inna Zabuwa ta dubi Talotalo. Talotalo ta taɓe baki ta ce, "Ba laifi. Mu dai a namu bikin surukai sun ga girmamawa."

Rana ta biyu Hankaka ya hau turmi ya ce, "A ƙasar kadoji, ango da jan ciki yake zuwa gaida surukai, tun daga ƙofar gari, duk dattijon da ya tarar ya shimfiɗe masa."

Ku da kuke jina, kada don jan ciki aka halicce shi, fatarsa ko mashi ba ya huda ta. Zakara kuwa me ya haɗa ƙirjinsa da burji? Amma ya sake durƙusawa ya ce, "Inna, Malam yana jira."

Ta ce, "Ɗaurin aure ba ya gudu."

Sai ya kwanta ya kama ja. Dangin Zabuwa ba su da iyaka, kowane lungu da kawu, kowace kwana da baffa, har waɗanda ba dangi ba suka jeru don a shimfiɗe musu. Ya iso ƙofar gida ƙirjinsa fes, kamar an fige shi za a sa a tukunya. Hankaka yana biye, yana tsince jan gashin ƙirji.

Ladingo ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Inna, kashe shi za a yi."

Uwar ta ce, "Rufe min baki. Amarya ba ta magana sai an sayi bakinta."

Ta juya ta dubi Talotalo. Talotalo ta ce, "An yi ƙoƙari. Mu dai a namu bikin har waƙa ango ya yi."

Rana ta uku Hankaka ya hau turmi ya ce, "A ƙasar agwagi, ango cikin tafki yake shiga har wuya, ya rera wa amarya waƙa daga hantsi zuwa la'asar."

Wannan karon Zakara ko buɗe baki bai gama ba Inna Zabuwa ta ce, "Na sani, Malam yana jira. Ba ya gudu."

Malam Belbela kuwa yana nan gindin tsamiya. Ƙafa ɗaya ta gaji ya koma ɗayar. Shaidu sun tafi kallon biki sun bar shi da faifai.

Aka tura Zakara cikin tafki. Agwagwa man jikinta ke kare ta, ruwa ba ya zama. Shi ruwa ya shige shi har ƙashi. Ya yi waƙa, ya yi waƙa, murya ta fara karcewa, ta dushe, ta tafi. Da la'asar aka tsamo shi kamar tsumman wanki. Ya buɗe baki zai yi cara, sai iska. Ba jela, ba ƙirji, ba murya. Yaran gari suka ce wa ya kawo ɗan ungulu wurin biki. Ya ja jiki ya raɓe a bayan murhu yana karkarwa.

Sai Hankaka ya ce saura ɗaya, kuma ita ce uwar al'adu. Washegari ya hau turmi ya ce, "A ƙasar tattabaru, lulluɓe amarya ake yi da farin mayafi, a ba ta ƙoƙon gero, ta shiga cikin maza ta nemo mijinta da kanta. Wanda ta miƙa wa ƙoƙo shi ne miji, ba gyara, ba a sake. Jama'a kun shaida?"

Aka ce an shaida. Inna Zabuwa ta fi kowa ɗaga murya, gwaggwaro yana rawa.

Hankaka ya sulale bayan danga. Ya kwaɓa ƙaro, ya manna jelar Zakara a bayansa, ya manna jan gashin a kan farar 'yar cikinsa, ya murza jan barkono ya ɗora a ka, wai zankon zakara ne. Ya dawo ya hakimce a kan tabarmar ango. Jama'a sun ƙoshi da tuwon kwana da kwanaki, ido ya yi nauyi, kowa ya ce kai, ango ya warware da wuri.

Aka fito da Ladingo. Mayafin ya rufe ta ruf, abu sai dishi-dishi take gani. Ta bi layin maza, ta wuce wannan, ta wuce wancan, har ta hango jela mai sheƙi. Ta san jelar. Ta san jan ƙirjin. Ta tsaya a gabansa, 'yan mata suka fara guɗa. Hankaka ya miƙo fiffike.

Ita kuwa da yake kanta a sunkuye yake, abin da ta fi gani ƙafafu ne. Baƙaƙe ƙirin. Ta tuna kwana uku ana dukan mutum ana jan sa a ƙasa, ga jela ta tsiro a dare ɗaya. An hana ta magana, to ba a hana ta hannu ba. Sai ta karkata ƙoƙo, ta watsa rabin geron a ƙasa.

Hankaka bai san lokacin da ya duro daga tabarma ba. Ya hau gero da sara, ta nan ta can, yana ture yara, yana cika baki. Hali zanen dutse. Rana ta riga ta narka ƙaro, da ya sunkuya sai jela ta faɗi gefe, jan ƙirji ya saɓule, ga farar 'yar ciki a fili.

Ladingo ba ta shi take ba. Ta ɗaga mayafi tana bin geron da ya gangara. 'Yan ƙwayoyi sun kai bayan murhu. Can ta ga wani figaggen abu, yunwa ta kwana uku a cikinsa, ya ɗauki ƙwaya da baki ya ajiye. Ya ɗauka ya ajiye. Maƙogwaro yana motsi, ƙut-ƙut ta ƙi fita. Ya ɗauka ya ajiye, yana dubanta.

Ta taka har bayan murhu, ta tsinci ƙwayar ta ci. Sannan ta durƙusa ta miƙa masa ƙoƙo.

Inna Zabuwa ta ce, "Wannan? Wannan abin miya shi ne surukina? A sake."

Tsohon Kunkuru ya ce, "Hajiya, ba gyara, ba a sake. Muryarki ta fi ta kowa da aka shaida. Kuma shi ne dai wanda kika karɓi sadakinsa. Da gashinsa ya zo miki."

Aka waiwaya neman Hankaka, tuni ya cika bakinsa da gero ya yi sama, jan barkono yana zuba a idon masu kallo.

Aka taru aka tafi gindin tsamiya da kunya. Malam Belbela ya sauke ƙafarsa ya ce, "An gama zagaya duniyar?" Ya ce wa ke bayarwa, aka ce ga shi. Wa ke karɓa, aka ce ga shi. Aka shafa fatiha. Kafin mai tauna goro ya tofar da tuƙa an ɗaura aure. Goron ma ya bushe, sai da aka jiƙa.

Da aka zo haɗa gara, a kai wa amarya abin da za ta fara girki da shi, aka leƙa rumbu, sai ɓera yana hamma. Baƙi sun cinye, Hankaka ya kwashe saura. Rabin ƙoƙon geron nan, da shi Ladingo ta shiga ɗakin miji.

Inna Zabuwa ta zauna ta ce a kwance mata gwaggwaro, kanta yana sarawa. Aka kwance. Gashin kanta kaf ya biyo ƙyalle, ga wani ƙulu ya fito a tsakar ka inda aka ƙulle. Ku dubi kan zabuwa in kun koma gida, har yau bai tsiro ba, ƙulun ma yana nan.

Ta ɗago ta dubi Talotalo, ko yanzu za ta ce an fi ta. Talotalo ta gyara mayafi ta ce, "Biki ya yi biki, Hajiya, ba a taɓa ganin irinsa ba. Mu dai a namu, ango da gashinsa ya shiga ɗaki, uwar amarya da nata ta koma gida."

Zakara kuwa Ladingo ta yi ta gasa masa jiki, tana dama masa kunun kanwa. Gashi ya tsiro, wani a miƙe wani a murɗe, daga nan aka sami kaji fingi. Wata asuba sai gari ya ji cara, a karce amma cara ce. Zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi.

To ku iyayen biki, da ku nake. Kunkuru bai yi laifi ba, kada bai yi ba, agwagwa ma haka. Kowa ya ɗinka al'adarsa daidai jikinsa, kuma ta yi masa kyau. In za ki ari bulalar kunkuru, ki aro har da ƙoƙon bayansa, in ba haka ba ki bar ɗan mutane ya shiga ɗaki da fatarsa. Kayan aro ba ya rufe katara. Ita kuwa Talotalon unguwarku, ko giwa kika yanka cewa za ta yi gishiri bai ji ba.

Ƙurunƙus kan hankaka. Mai cewa ƙarya na yi, ya je ya shafa kan zabuwa.