Malamin Kokawa da Bai Koyar da Tashi Ba

An yi wani mutum, malamin kokawa a wata makarantar sakandare. Shekara goma sha biyar yana wannan aiki, yana kuwa da doka ɗaya: duk yaron da aka kayar, ko sau ɗaya ne, ya bar ƙungiya ya koma sharar fili.

"Ni ba na kiwon masu faɗuwa," in ji shi.

Sai yaran suka yi wayo. In an busa usur, sai su yi ta zagaya juna, suna buga cinya, suna zare ido, ba mai kama wani. Ba a kayar da kowa ba, malamin kuwa yana ta murna wai ya tara gwanaye.

Ana nan sai aka kira gasar makarantu. Malamin ya fito da babban gwaninsa, Habila, ƙato mai wuya kamar turmi. Habila ya yi ta zagaye har alƙalin wasa ya gaji ya ce, "Kai yaro, kokawa ka zo yi ko rawa?"

Abokin karawarsa ɗan siriri ne, wanda ya sha ƙasa ya fi sau ɗari a makarantarsu. Ya sunkuya, ya kama ƙafar Habila, sai tim!

Habila ya kwanta shame-shame yana kallon sama. Can ya ɗaga murya ya ce, "Malam, yanzu me zan yi? Ba ka koya mana nan wurin ba!"

Fili ya ɗauki dariya. Kunya ta rufe malamin, ya rasa inda zai sa kansa.

Washegari ya tara yaran, har da masu shara. Ya aika a kira Tanimu, wanda ya kora shekara goma da suka wuce, yanzu shi ke tuƙa tuwon makaranta.

"Tanimu, zo ka kayar da ni."

"Malam, da gaske?"

"Da gaske."

Tanimu ya ajiye muciya. Ashe ya daɗe yana jiran wannan rana. Ya ɗaga malamin sama, ya maka shi da ƙasa.

Daga kwance malamin ya ce, "Yara, darasin yau shi ne yadda ake tashi." Ya yunƙura, kwankwaso ya ƙi. Ya sake yunƙurawa. Sai ya ce a hankali, "Tanimu, ba ni hannu."

Tun daga ranar bai ƙara korar kowa ba. Kafin ya yi ritaya, yaransa sun ci kofi sau uku, biyu daga ciki kuwa tsoffin masu shara ne suka ciyo.

'Yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Filin kokawa shi ne rayuwar bangaskiya. Yaran masu zagaye mu ne, sa'ad da muke ɓoye zunubanmu, muna gudun hidima don kada a ga kasawarmu. Malamin kuwa shi ne duk wanda yake korar ɗan'uwansa daga zumunci saboda ya yi tuntuɓe. Ubangiji ya san za mu fāɗi, shi ya sa ya buɗe mana ƙofar tuba. In ka fāɗi, kada ka kwanta kana kallon sama, nemi taimako. In kuma akwai wanda ka kora, je ka kira shi tun yau, gama wataƙila hannunsa ne zai tashe ka gobe.